Ruwan da Eleuterio Bai Ɗebo Ba

Shekara goma sha ɗaya ke nan da Eleuterio ya yi ha'incin, kuma ha'inci ne, ba shi da wani suna. Kamfanin da zai haƙa rijiyoyin tururi don samar da lantarki ya aike shi ya ɗebo ruwan maɓuɓɓugar zafi da ke kan dutse, a auna gishirinta kafin a fara haƙa. Ranar ana ruwa, hawan kuma da nisa. Sai ya tsaya a gindin dutse ya cika kwalabensa a rafi, inda ruwan zafin ya riga ya gauraya da na sama, ya rubuta sunan maɓuɓɓugar a jikinsu.

Yanzu maɓuɓɓugar tana mutuwa. Masu jego sun daina zuwa wanka, ruwan ya yi lami, ko ƙwai ba ya dafawa. Mutanen gari suka kai ƙarar kamfanin, suka ce haƙar ce ta jawo. Aka auna, gishiri kaɗan. Aka ɗauko tsohuwar takarda, ita ma gishiri kaɗan. Kamfani ya ce ai babu abin da ya canja. Sa hannun Eleuterio ne a ƙasan takardar.

Tun daga nan ko kofi ya kurɓa, ɗanɗanon rafin yake ji. A tsakiyar kasuwa ma sai ya ji ƙarar ruwa yana shiga kwalba.

Kwalba ɗaya tak ta ruwan maɓuɓɓugar na wancan lokacin ta rage a garin. Marigayi Cirilo, mai kula da wurin wankan, ya cika kwalba don ciwon ƙafarsa, ya mutu bai buɗe ba, tun ba a kawo injin haƙa ba. Matarsa Doña Macaria ta liƙe bakin da kakin kyandir, ta ajiye kusa da hotonsa.

Eleuterio ya hau dutsen ya same ta tana murza ƙullun masara. Ya roƙe ta kwalbar don a auna gishirin ruwan na asali. Ya bayyana mata cewa gishiri ba ya gudu daga rufaffiyar kwalba, amma in an buɗe an auna, shi ke nan, ruwan ya tafi.

"Likitan ruwa, yau ƙafar ta iya hawa?" in ji ta, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Na gan ka ranar, ɗan nan. Ina wanki a ƙetare. Na ɗauka masu ilimi sun fi mu sanin inda ake ɗiba."

Ta dubi kwalbar, ta ci gaba:

"Abin da ya rage mini na Cirilo ke nan. In na ba ka, za ka gaya musu inda ka tsaya?"

"Za su kore ni, Inna."

"Ba shi na tambaye ka ba."

A kan teburin masarar ya rubuta abin da ya yi, ya sa hannu, ya karanta mata sau biyu. Sannan ta sauko da kwalbar. Da ya karɓa sai ya ji ta da ɗumi. Ya ce wa kansa zafin kyandirorin da ke ci kusa da hoton ne. Har ya sauka ya tsallake rafin, ba ta huce ba.