Ranar da Layi Ya Zo Kan Shamsiyya

Shamsiyya ta baro jami'a ta dawo Yashe jinyar mahaifiyarta, Inna Kulu, da kwamfutarta cikin jaka. Digiri na uku take yi, a kan kwamfutar kwantum, irin wadda ke ajiye bayani a cikin ƙwayar zarra, inda ɗan ɗumi ko girgiza kaɗan kan lalata shi. Ita kuwa dabarar gyara wannan lalacewa take ƙirƙira. Na'urar kwantum ɗin tana wata ƙasa mai nisa, ta intanet ake aika mata aiki, kuma layi ake bi wata da watanni.

Ranar da layi ya zo kanta, ruwa ya kwana yana zuba, sabis ya ɗauke ƙaf. Ta zaga bayan gida, ta hau turmi tana ɗaga waya sama, shiru. Yayanta Harisu ya dawo daga noman gero jiƙe da taɓo, ya dube ta, ya tayar da babur, ta hau baya. A Kusada ma babu sabis. Suka miƙe Kankia, tana rungume da jaka a ƙarƙashin hijabi, tana ta masa faɗan ya ƙara wuta, shi kuma yana kauce wa ramuka.

A shagon wani mai cajin waya, Ashiru, ta samu benci da sabis. Ta aika aikin lokacin da aka ba ta na gab da ƙarewa. Sakamakon ya dawo. Dabarar tata ba ta rage kuskure ba, ƙara shi ta yi.

"Mi ya fito?" in ji Harisu.

"Shirme, Yaya."

Ta kira malamin da ke duba aikinta. Ya saurara, ya ce gano hanyar da ba ta ɓullewa ma babi ne mai kyau a kundin digirinta, ta sake shiga layi. Ta yi godiya, ta kashe wayar.

Da suka koma, Inna Kulu ta tambaya daga kan gado ko karatun ya ƙare ke nan. Shamsiyya ta ce da saura. Ta zauna dama mata fura, tana buga ludayi da ƙarfi har nono ya fantsamo mata a zane.