Kujerar Farfesa

A gidanmu an kira ni da sunaye iri-iri. An ce mini mai taurin kai, an ce mini mai baki, akwai ma ƙanwar babanmu da har yau take kira na Ba-a-faɗa-miki. Duk na amsa, wasu ma da murmushi. Malalaciya ce kawai ban taɓa ji ba, sai da na je gidan Yaya koyar da 'ya'yansa.

Yaya direban katafila ne a kamfanin gina hanya. Inda kwalta ta nufa, nan iyalinsa suke bi. A shekara shida yaran sun shiga makaranta biyar. Wannan karon an mayar da shi wani gari a tsakiyar zangon karatu, makarantar da ke kusa da gidajen ma'aikata kuma ta ce babu gurbi sai sabuwar shekara, shi ma sai an gwada kowane yaro a Turanci da lissafi. Ni kuwa ina gida, digirina na koyarwa yana cikin leda a ƙarƙashin katifa, wata goma sha ɗaya ina jiran a kira ni aiki. Da Yaya ya buga waya sai da na ja aji na kwana biyu, sannan na haɗa jaka.

Makarantar tawa falo ne mai taga ɗaya. Akwai teburin cin abinci da aka tokare ƙafarsa da kwali, da guntun katako da Yaya ya shafa wa baƙin fenti na jingina a bango. Daga uwarɗaki kuma keken ɗinkin matar Yaya yana ta kuka tun safe.

Ɗalibaina huɗu. Gimbiya, shekara goma sha uku, tana tafiya kamar ƙasa za ta ɓata mata ƙafa. Kowa yana cewa ni ta ɗauko, ban kuma taɓa musawa ba. Lauya, shekara goma, ba a gaya masa bakwai sau takwas hamsin da shida ne ba tare da ya tambayi wanda ya yanke hukuncin ba. Tsinke, shekara takwas, tana cin fensir fiye da yadda take rubutu da shi. Sai Auta, ɗan shekara biyar, wanda ajinsa yake ƙarƙashin tebur.

Ranar farko na kafa doka. Daga ƙarfe takwas zuwa ɗaya ni Malama ce, ba Goggo ba.

Lauya ya ɗaga hannu. "Idan kika aike ni sayen sabulu da ƙarfe goma, wa ya aike ni?"

"Wadda za ta ja maka kunne in ka daɗe."

Mako biyu na farko tukunya huɗu nake dafawa a murhu ɗaya. Ina nuna wa Lauya rabawa, Tsinke ta haɗiye murfin kwalbar da take ƙirga da shi, ko ta ce ta haɗiye. Ina duba bakinta, Auta ya zana mota a bayan rigata da alli. Gimbiya ce kaɗai hutuna. A lissafin baki tana riga Lauya ba da amsa. Idan kuma ta miƙe da tsohon littafinta na Turanci, wanda ta zo da shi daga makarantar baya, karatu yake zuba kamar an kunna famfo. Yaya kan tsaya a bakin ƙofa yana gyaɗa kai, ko da yake shi Turancinsa na wurin aiki ne, na a matsa gaba a dawo baya.

Ranar Laraba ta mako na uku tana cikin wannan karatu na zagaya bayanta don in zare alli daga bakin Auta. Idona ya faɗa kan littafin. Rabin shafin babu. Auta ya yage ƙasansa jiya ya yi jirgi. Gimbiya kuwa tana tsakiyar karanta wurin da babu, kalma ko ɗaya ba ta tsallake ba, kuma da ta kai ƙarshe ta juya shafi daidai lokacin juyawa.

Nan take wasu abubuwa suka dawo mini. Duk ranar da na rubuta lissafi mai labari a allo, sai kanta ya yi ciwo. Ran nan ma cewa ta yi rubutuna ne ba ta gane ba, maganar da ta kwana biyu tana cina, domin rubutuna ko a jami'a ana aron littafina saboda shi.

Bayan abincin rana na same ta a dakalin baya tana wanke kwanuka a bakin famfo. Na tsoma yatsa a ruwa na rubuta wata kalmar Turanci mai harafi uku a kan siminti.

"Karanta mini."

Ta kalle ta har rana ta shanye ta. "Ta bushe," in ji ta.

Na sake rubutawa.

Ta ajiye soso. "Goggo, a ajinmu mu tamanin ne. Malami ya karanta, mu maimaita. Ni sau biyu nake ji in riƙe. Duk sanda wani malami ya fara kallona da yawa, sai a mayar da Baba wani wuri." Ta goge hannu a zane. "In Lauya ya ji, har jikokinsa sai sun ji. In kuma kika zaunar da ni a tabarma ɗaya da Auta, gara in yi ta wanke-wanke har in tsufa."

Ba ta yi kuka ba. Haɓa ta ɗaga. Na san haɓar nan, kullum ina ganinta a madubi.

Washegari na tsaya a gaban allo na ɗaga murya yadda har mai keken ɗinki za ta ji. "Ni ban yi shekara huɗu a jami'a don in riƙa rera abacada ba. Daga yau Gimbiya ce malamar Auta, kullum daga goma da rabi."

"To ke me za ki riƙa yi?" Lauya ya tambaya.

"Sa ido."

Na jawo kujerar Yaya mai kushin kusa da tabarma, na ɗora ƙafa a kan ƙaramin benci, na buɗe tsohuwar jarida, kofin shayi a gefena.

Ga yadda muka tsara. Da rana, a dakalin baya, muna abin da na sa wa suna shirin darasi. Ina rubuta haruffa da ruwa, tana haɗa su, in wani ya leƙo kafin ya ƙaraso siminti ya bushe. Da safe sai ta koya wa Auta abin da ta koya jiya. Auta kuwa ba ya yarda da abu sai an maimaita masa sau ashirin, ita ma ashirin ɗin take buƙata. Lauya da Tsinke ina cika su da lissafi a tebur don kada su ɗago kai. Ba zan iya tsayawa a kanta ina gyara ba, Lauya zai gane wa ake gyarawa. Saboda haka in ta yi kuskure sai in buga cokali a jikin kofi sau ɗaya, ta koma baya.

Abin da ban lissafa ba shi ne, ƙarfe goma sha ɗaya Yaya yake shigowa shan ruwa.

Ya tsaya da hular kwanonsa a hannu, ya dubi 'yarsa durƙushe tana koyarwa, ya dubi tafin ƙafata.

"Sannu da aiki, Farfesa. A kunna miki fanka ne?"

"Akwai iska, Yaya, na gode."

"Ni malama na ce a turo mini. Ashe sufeto aka aiko."

Kafin mako ya zagayo sunan ya bi gari. Mai kawo burodi ya fara ce mini, "Farfesa, ya hutu?" Inna ta kira daga gida tana tambaya ko gaskiya ne na yi ƙiba. Lauya ya rubuta a bangon littafinsa cewa idan ya girma aikin Goggo zai yi. Ni da na taɓa yin mako uku ban yi wa abokiyar ɗakina magana ba don ta ce sa'a ce ta ba ni maki, ga ni zaune ina haɗiye wannan da shayi mai sanyi. Amsar tana bakina kullum, jimla ɗaya ce tak. Sai in kalli ƙeyar Gimbiya in juya shafin jarida.

Siminti ya cinye mini fatar yatsa har na naɗe shi da filasta. Yaya ya gani.

"Cokalin ne ya ji miki ciwo? Sai mu nemo mai buga miki."

A mako na tara wasan ya fara tsami. Maƙwabcinmu tsohon hedimasta ne da ya yi ritaya, irin masu tsayar da yaro a gaban 'yan'uwansa su miƙa masa littafin da bai taɓa gani ba. Yaya ya ce mutumin ya yi tayin karɓar yaran.

"Ba wanda zai taɓa mini ɗalibai," na ce.

"Ɗalibanki ko na Gimbiya?"

"Makarantar tawa ce. Yadda na ga dama haka zan tafiyar da ita."

"Daga kwance."

"Daga zaune, Yaya. Ka duba da kyau."

Ya yi dariya, amma na ga bai bar maganar ba.

Ranar Asabar da la'asar ya shigo da ambulan. Takardar makaranta ce da Turanci, mai bayanin ranar gwaji da abin da za a zo da shi. Muna falo dukkanmu, har matarsa tana cire zare daga wata riga a bakin ƙofa. Na miƙa hannu, ya janye.

"A'a, Farfesa, kada ki wahala. Malamar gidan za ta karanta." Ya miƙa wa Gimbiya.

Babu kofi kusa da ni, babu cokali. Gimbiya ta buɗe takardar. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ɗora yatsa a ƙarƙashin kalmar farko.

Ta fara. Kalma ɗaya, ta tsaya, ta biyu. Doguwar kalma sai ta gutsura ta gida uku ta sake haɗawa. Sau biyu ta yi kuskure, ta ji da kanta, ta koma baya ba tare da kowa ya buga mata komai ba. Layi tara ne. Ta kai ƙarshensu har da sunan ofishin da ke ƙasa. Takardar da ba ta taɓa ji a bakin kowa ba. Na cije leɓe don kada fuskata ta tona mu.

Yaya ya karɓi takardar ya juyo gare ni, wannan karon babu dariya.

"Kin ji ko? Yarinyar da take karatu kamar rediyo. Wata biyu a hannunki, ga shi tana tafiya kamar katafilata a cikin laka. Kin mayar da ita ajin Auta, ta koma Auta."

Lauya ya gyara zama, ya ji ƙanshin shari'a. Gimbiya ta buɗe baki. Na ga abin da za ta faɗa, na kuma ga Lauya ya baza kunne.

"Laifina ne," na riga ta. "Ni na hana ta gudu. A tsarina a hankali ake karatu."

"Wane irin tsari ne wannan?"

"Na masu digiri, Yaya. Ba lallai ka gane ba."

Ya buɗe baki, na san sunan hedimasta ne zai fito. Sai matarsa ta yi magana ba tare da ta ɗago daga rigar ba.

"Baban Gimbiya, ran nawa aka ce gwajin?"

Ya duba takardar yana neman wurin.

"Sha huɗu ga watan jibi," in ji Gimbiya. "Da fensir biyu da hoto."

"To ai ta gane abin da ta karanta," matar ta ce. "Ni dai da, in ta gama zubawa na tambaye ta me aka ce, sai ta ce mini labari ne. Ka bar su su ƙarasa. Tsohon nan ma Lauya zai sa masa hawan jini."

Yaya ya dubi matarsa, ya dube ni. "Zuwa sha huɗu ga wata," ya ce. "In ta faɗi, ke da kujerar zan ɗora a mota."

"Kujerar taka ce, amma na gode."

Ranar Litinin da goma da rabi ina zaune a wurina, sai keken ɗinki ya yi shiru. Matar Yaya ta fito da shayi mai zafi ta ajiye mini, ta tura bencin da ƙafa ya daidaita a ƙarƙashin dugadugaina.

"Kekena yana da ƙara," ta ce a hankali, "amma tagar ɗakina a kan dakalin baya take." Ta ajiye wani ƙaramin buroshin fenti kusa da kofin. "Ki bar yatsan nan ya huta."

Da rana a bakin famfo Gimbiya ta karanta mini duk abin da ke jikin kwalin sabulu, har da gargaɗin kada a sa a ido.

"Goggo, zan gaya wa Baba da bakina. Amma sai na iya da sauri. Kuma sai ranar da Lauya ba ya nan."

"Lauya kullum yana nan."

"To sai kin ƙara haƙuri."

Na tsoma buroshi a ruwa na rubuta mata kalma mai harafi tara. "Kada ki yi gaggawa saboda ni," na ce. "Kujerar ta fara yi mini daɗi."