Wili Goma Sha Biyar da Ƙasarun Malam Kalilu

Shekara ashirin ina sana'ar taya a Daura, ba wanda ya taɓa sa min ciwon kai kamar Malam Kalilu. Ilimi kam akwai, amma idan ya kafe a kan magana, ko jaki ya fi shi saurin juyawa.

Ranar da ya kawo motarsa a cire wili masu inci goma sha huɗu a sa na inci goma sha biyar masu ƙyalli, da siraran tayoyi, na gaya masa: "Allah gafarta Malam, wilin ya ƙaru, amma robar ta ragu sosai. Idan aka haɗa, ƙafar motar ta fi ta da gajarta. Mita za ta riƙa yi maka ƙari."

"Sama'ila, sha biyar ce ta fi sha huɗu ƙanƙanta? A wace makarantar?"

Na ɗaura masa.

Duk Alhamis yana zuwa ba da karatu wani ƙauye can gaba da Babban Mutum. Sai ga mita ta nuna masa kilomita tamanin da ɗaya. Nan take ya yanke hukuncin tunda ta haura tamanin, tafiyar ta kai ta ƙasaru, shi da masu raka shi suka koma sallar raka'a biyu. Malam Audi, abokin karatunsa tun ƙuruciya, ya ce tasa motar saba'in da shida take nunawa. Malam Kalilu ya ce masa jahili a gaban ɗalibai, suka daina ko gaisawa.

Bayan wata bakwai Malam Kalilu ya faɗo shagona, wai in zo in ba da shaida cewa mitarsa lafiyarta ƙalau. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni da aka tambaya makarantar da na yi, yau ni ne shaida?

Na jawo tsohuwar tayarsa daga bayan shago, na kwance sabuwa ɗaya, na shafa wa kowacce alli. Na gangara su a kan siminti, juyi ɗaya ɗaya. Tsohuwar ta wuce sabuwar da kusan rabin taƙi.

"Mita ba ta san hanya ba, Malam, juyin taya take ƙirgawa. Gajeriyar taya ta fi yawan juyi, shi ke nan."

Ya ce a sake. Na sake. Ya ce simintin ne ya karkace. Muka fita titi cikin rana, ina gumi ina tura taya kamar mahaukaci, masu babur suna kallona. Sau biyar. A na shida ya karɓi allin da kansa, ya tsuguna da babbar rigarsa ya ja layin.

Ya daɗe a tsugune. Na shirya baƙar maganar da zan rama da ita, amma da ya ɗago na ga idonsa, sai na haɗiye ta.

"Ni ne limaminsu a duk tafiyar nan," in ji shi. "Mutum biyar a bayana."

Ya tambaye ni ko na san lokacin da Malam Audi ke zama a ƙofar gida. Na ce bayan La'asar. Ya bar min motar a kan jak, ya tafi a ƙasa.