Bugu Uku a Jikin Bututu

Tun kafin a haifi Shalele, ubanta ba ya ƙwanƙwasa ƙofa. Aikinsa shimfiɗa bututun ruwa, sufana kuwa ba ta barin aljihun wandonsa. In ya taso daga aiki sai ya tsaya a ƙofar gida, inda bututun ƙarfe ya leƙo daga ƙasa kusa da mita, ya buga shi sau uku. Ƙarar ta bi ƙarfen ta ƙarƙashin tsakar gida ta ɓullo a famfon kicin: ƙwan, ƙwan, ƙwan. Da yarinyar ta fara tafiya, ita ke riga uwarta isa ƙofa.

Yau wata takwas ke nan ba a ji bugun ba. Hukuma ta tashi sabunta bututun birnin kaf, na ruwan sha da na ƙazanta da magudanun ruwan sama, aka kwashe ma'aikata, har da shi, can bayan gari wajen matatar ruwa, suna kwana a sansani. Yakan kira a waya, amma Shalele ba ta yarda da muryar da ke cikin waya ba. Sai ta ture ta, ta ja kujerarta ƴar tsugune zuwa kicin, ta hau, ta manna kunne a jikin famfo.

"Abba bai zo ba," in ji ta kowace yamma, ta sauko.

Abin da ke cin ran Maman Shalele shi ne kwanan nan yarinyar ta fara kallon hotonsa kamar hoton kalanda. Shekararta uku. Bugun nan kaɗai ya rage mata na ubanta, in ya tafi ba ta san me zai saura ba.

Ran da aikin ya iso layinsu, katafila ta tsaga titi gida biyu, aka jibge shuɗɗan bututu a bakin kwata. Uwar ta goya Shalele ta fita tana duba fuskokin masu hular kwano ɗaya bayan ɗaya.

Maƙwabciyarta mai ɗinki ta leƙo ta taga da tef a wuya. "Ki daina miƙa wuya, kar ya tsinke ba ni da zaren ɗinke shi. Naki ba ya cikinsu, tun safe na ƙirga miki."

"Ramin nake dubawa saboda yara."

"Ramin da ke da gashin baki?"

Ta yi dariya don dole. Da mijin ya kira a waya ya ce an mayar da su haƙar babbar magudana, ana so a gama kafin ruwan sama ya sauka ya sake shanye unguwannin gangare. Ta ce Allah ya taimaka. Sauran maganar ta haɗiye ta.

Kashegari wani dattijo mai haɗa famfo ya shigo da sallama. Ya tona gefen mita, ya kanƙare tsohon ƙarfen da wuƙa, ya kira ta.

"Zo ki gani, ƴata. Tsatsa ta cinye shi, ga huda nan kamar rariya. Kuma kafaɗa da kafaɗa yake da bututun bayan gida. Duk sa'ad da aka ɗauke ruwa, abin da ke wancan shi yake tsotsa. Yarinyar nan ba ta ciwon ciki?"

Ta tuna bara, kwana huɗu a asibiti, robar ƙarin ruwa rataye bisa hannun Shalele da ya zama kamar tsinke. Tun lokacin take tafasa ko ruwan wanke baki.

"Namu aikin iyakarsa mita," in ji dattijon. "Daga mita zuwa kicin naku ne. In kin ce a bari, in haɗa sabo da tsoho in tafi. In kin ce a cire, yau zan sa miki na roba."

"Baba, na roban, in an buga shi daga nan ana ji a ciki?"

Ya dube ta ta saman tabarau. "Shekara talatin ina aikin nan, ba a taɓa yi mini wannan tambaya ba. Roba kurma ce, ƴata. Ko guduma kika sa."

Ta juya. Shalele na bisa kujerarta, kunne a famfo, ƙafa ɗaya na lilo. Maman Shalele ta daɗe tana kallon ƙafar nan.

"A cire," ta ce. "Amma ka yankar mini kamu ɗaya daga inda bai ruɓe ba."

Ya yanka ya miƙa mata, bai tambayi dalili ba. Ta wanke guntun da toka da soso, ta ɗora shi bisa kantar kicin, bayan gwangwanayen da ba a taɓawa.

Bayan mako biyu aka saki ruwa. An ce a bar shi ya zuba har warin magani ya fita, ta bar shi ya zuba ninkin haka. Sannan ta tara kofi, ta ɗaga shi ga hasken taga, ta sha da kanta, ta jira har yamma kafin ta ba yarinyar. Ruwa garau, ba laka ba wari. Shalele ta sha ta koma ta manna kunne. Sabon famfon ba ya cewa komai. Bayan kwana uku ta daina jan kujerar.

Wata safiya mai ɗinki ta ƙwala kira ta kan katanga. "Maman Shalele, ga wani mutum a ƙofarku yana dukan roba kamar ta yi masa laifi."

Ta buɗe. Mijinta ne, yana tsugune gefen mita da sufana a hannu, ya yi baƙi, ya rame, takalman robarsa duk taɓo.

"Sau tara na buga," ya ce. "Ni da nake shimfiɗa abin nan kullum, na manta ba ya kai saƙo."

"Sannu da zuwa, Abban Shalele. Har yaushe?"

"Motarmu za ta biyo da la'asar."

Yarinyar ta leƙo, ta ga baƙon mutum, ta shige bayan zanen uwarta ta ƙanƙame. Ya miƙa hannu, ta ƙara nutsewa. Maman Shalele ta ga yadda hannun ya sauka a hankali, sai ta ce masa ya koma waje ya jawo ƙofa. Ta sauko da guntun ƙarfen, ta miƙa masa ta kan ƙofar.

Ƙwan, ƙwan, ƙwan.

Shalele ta saki zanen. Ta ruga kicin tukuna, ta tsaya gaban famfo, ta dawo tana waige-waige. Aka sake bugawa. Ta je ta tura ƙofar da hannu biyu, ta dubi ƙarfen, ta dubi sufanar, sannan ta ɗaga kai.

"Ka daɗe," in ji ta.

Da la'asar motar ta yi hon a bakin layi. Ya so ya tafi da guntun, Maman Shalele ta hana. Ta sa shi ya ɗaure shi da waya a jikin katanga, daidai saman mita, inda hannunsa ya saba kaiwa.