Burodin Kyari da Gwangwanin Inna

Alhaji Kyari, ɗan kasuwar Kantin Kwari, mutum ne da zai shafa shadda ido rufe ya gaya maka ƙasar da aka saƙa ta, amma bai san inda ake ajiye ashana a gidansa na Fagge ba. Shi ma yana faɗa da bakinsa cewa ko ruwan zafi aka bar masa sai ya ƙone.

To wannan bawan Allah shi ne ya ɗauri aniyar yi wa iyalinsa karin kumallo. Tun da mahaifiyar matarsa Fanta ta rasu a Maiduguri, Fanta ta daina zama cin abinci da su. Za ta dafa, ta zuba masa da 'yarsu Surayya, ta koma ɗaki. Ba ta kuka, ba ta hira, zani sai zamewa yake daga ƙugunta. Abin ya tsorata Kyari ƙwarai. Burinsa ɗaya ne, ya ga ta zauna ta kai loma baki.

Ya kai kukansa kasuwar Sabon Gari wajen Madam Felicia, mai sayar da kayan yin kek, wadda ta daɗe tana sayen atamfa a shagonsa.

"Alhaji, yi mata furanshi tos na obin," in ji ta. "Ka yanka burodi, ka kaɗa ƙwai da madara da sukari da kirfa, ka jiƙa, ka jera a tire. Ko yaro zai iya. Amma ka fara kunna obin ɗin ya ɗau zafi."

Wannan "ko yaro zai iya" ta ɗan sosa masa rai, amma ya haɗiye, ya karɓi kirfarsa.

Ranar Juma'a, yana dawowa daga masallacin asuba, ya tuɓe babbar riga ya shiga kicin kamar baƙo. Ƙwan farko ya fashe masa a hannu, na biyu ya tafi da ɓawonsa cikin kwano. Ya tsame ɓawon da yatsa yana ce wa kansa, "Kyari, da kwastomominka za su gan ka yanzu, da ka rufe shago."

Sai ya durƙusa gaban obin ɗin da ke ƙasan murhun gas. Murhun nan cikin kayan ɗakin Fanta ya zo, kuma kamar a yawancin gidajen unguwar, ba a taɓa gasa komai a cikin obin ɗinsa ba, ya zama kabad. Ya fito da murafan da ba su da tukwane, da ledoji, da wata tsohuwar rariya. Can ƙurya ya hango baƙin gwangwani a rufe. Ya dube shi da kyau, irin duban masana, ya yanke hukuncin cewa cikin kayan injin ne, Turawa ba sa saka abu a banza. Ya bar shi, ya kunna wuta, ya tura tiren burodin da ya jiƙa, ya rufe.

Da farko ƙamshin kirfa ne ya tashi, har Kyari ya fara tsara yadda zai ba da labari a Kwari. Sannan wani ƙamshin ya danne shi, mai nauyi, na sandal da hawi da farce, ga hayaƙi fari yana fita ta gefen murfi. Turaren wuta ne. Kuma hancinsa ya gane na wane ne, don duk Fagge babu mai irin wannan haɗin sai surukarsa. Kullum ta zo Kano da shi take zuwa, gidan ya yi mako yana ƙamshinta.

Ya kashe gas, ya jawo gwangwanin da tsumma. Murfin ya ɗage, abin da ke ciki ya narke ya zama baƙin dunƙule.

Yana ɗago kai ya ga Fanta a bakin ƙofa, ba ko ɗankwali, Surayya na riƙe da zaninta.

"Na ɗauka Inna ce ta shigo," ta ce a hankali.

"Maman Surayya, wallahi na zaci cikin kayan injin ne."

Ta dubi gwangwanin. "Shi ne na ƙarshe da ta haɗa min. Na kasa buɗe shi, na kasa turara shi. Na duba gidan nan kaf, na ce ina ne hannunka ba zai taɓa kaiwa ba, sai na sa shi a obin."

Kyari ya so ƙasa ta tsage ya shige. Shekara da shekaru bai taɓa murhu ba, ranar da ya taɓa kuma ya ƙone abin da ya rage mata na uwarta. Ya buɗe baki zai ba da haƙuri, sai ya ga ta zame ta zauna a ƙasan kicin, ta rufe ido tana shaƙar hayaƙin. Kukan da ba ta yi ba tun ranar rasuwa ya zo mata gaba ɗaya. Ya tsaya da tsumma a hannu, ya rasa inda zai sa kansa.

Da ta lafa, ta share fuska da gefen zani, ta nuna tiren. "Wannan fa?"

"Karin kumallo ne. Amma ba zai ciwu ba, duk ya sha turare. Bari in zubar in sayo ƙosai."

"Miƙo nan."

Ya ajiye tiren a gabanta. Ta gutsuri gefen da bai ƙone ba, ta tauna a hankali, ta haɗiye. Surayya ta ɗanɗana ta yamutsa fuska.

"Abban Surayya," in ji Fanta, "tunda nake ban taɓa cin abu marar daɗi irin wannan ba."

"Na sani."

Ta jawo tiren kusa da ita, ta ɗauki yanki na biyu. "Zauna mana. Ka kawo shayi."