Ƙofa Ashirin

Sau na biyar ke nan Bello, malamin ofishin rajistar manoma na Talata Mafara, ya danna kwamfuta, ta ƙi shi da jan rubutu. Gimbiya tana zaune gabansa da babban yatsa a miƙe don dangwalawa, tun hantsi. Yau ake rufe rajista, kuma duk wanda sunansa bai shiga ba, kadadarsa ta bakin kanal ɗin ban ruwa wani za a ba ta bana. Ita ke nan abin da anka ba mijinta bayan dam ya cinye gonakinsu, da ita take ciyar da baki tara.

Ta tambaye shi ko wuta ce babu. Ya ce akwai wuta. Wai babbar na'urar da ke riƙe sunaye tana Gusau, kuma mutum ashirin kaɗai take bari su shiga a lokaci guda, daga Mafara har Bakura har Maradun. Wanda ya samu shiga ba ya fita, ko salla zai je, don tsoron kada ya dawo ya iske an cike. Wasu ma biyu-biyu sunka buɗe.

"To ka kira mai na'urar ya ƙara ƙofa mana."

Ya ce ya kira, wayar a kashe.

Ta tambayi wa ke zaune ofishin Maradun. Ya ce wani Yari ne, ɗan Hasana mai ƙuli. Gimbiya ta sauke yatsanta. Ita ta yi wa Hasana wankan jego kwana arba'in, lokacin da dangi sunka watse, kuma shekara talatin ba ta taɓa tayar da maganar ba. Ta ce a kira shi.

Sunka gaisa, ta tambayi uwarsa da ƙafarta, sannan ta faɗa masa ko ita wace ce.

"Inna, biyu gare ni," in ji Yari. "Zan saki ɗaya. Ki ce ma Bello ya shirya hannu."

Bello ya ɗora yatsa kan madanni. Yari ya ce ya saki. Bello ya danna. Abin ya yi ta juyawa, ya yi ta juyawa, sai jan rubutun nan ya sake fitowa.

Wani daga Bakura ya riga shi.

Yari ya ba da haƙuri, ya ce ɗayar ba ya iya sakinta, mutum sittin ke tsaye ƙofarsa. Ba ta ja da shi ba. Yaro ya biya abin da ke kansa.

"Wa ya shiga?" ta tambayi Bello.

"Ba ta faɗin suna, Inna. Lambar ofishi kawai."

Ta dubi agogon bango, ko da yake ba ta iya karanta shi ba. Ta gyara zama, ta sake miƙa yatsan.

"Danna kuma," ta ce.