Juma'ar Aulis Ba Wando

Juma'a uku a jere ƙanena Aulis bai zo gidana wankan sauna, wato surace, ba, alhali shekara ashirin bai taɓa fashi ba. Da na kira shi sai ya ce, "Ina gida, Yaya Sirkka. Hutawa nake."

Kowa a garinmu Kajaani ya san irin wannan hutun: a kulle ƙofa, a tuɓe sai gajeren wando, a buɗe gwangwanin giya, ba niyyar fita ko nan da can. Ba abin kunya ba ne. Amma mu 'ya'yan mashayi ne, giya ce ta kashe ubanmu, kuma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Na ji tsoro, ga kuma son sani yana cina: me tsohon direban bas yake yi shi kaɗai a ɗaki?

Ranar Juma'a ta huɗu, ƙarfe huɗu na yamma, na yi abin da ba a yi a garinmu: na je ban sanar ba.

Ya buɗe ƙofa da gajeren wando da safar ulu, ƙafafu farare fat.

"Wa ya mutu?"

"Ba kowa. Matsa in wuce, sanyi zai kashe ni."

Na baza ido. Talabijin na nuna tseren kan ƙanƙara, murya a kashe. Faranti da gutsuren tsiran nama. Gwangwani biyu a tebur, ɗaya ko buɗewa ba a yi ba. Na leƙa bayan kujera, har kwandon shara na ɗaga.

"In kwalabe kike nema, duba cikin murhu ma," in ji shi.

"To me kake yi?"

"Ba komai. Shekara talatin mutane na shigo min mota, kowa da ƙorafinsa. Sai da na yi ritaya na gane shiru na da daɗi."

"Baba ma da shiru ya fara."



"Baba da takalmi a ƙafa yake sha, Yaya, da rigar sanyi a jiki. Kin manta? Yana gamawa sai titi, sai neman wata giyar. Ni wandona na nan cikin injin wanki, jiƙe. Duk Juma'a da gangan nake jiƙa shi, har da sauran wandunana, don kada in iya fita. Kina tsammani ke kaɗai ke jin tsoro?"

Na zauna a gefen kujera da rigar sanyina, hawaye na neman ba ni kunya.

Ya turo min gwangwanin da bai buɗe ba.

"Karɓi. In kika shanye wannan, yau ɗaya kawai na sha."